Idan Ƙafar Jirgi Ta Ƙi Fita: Aikin Matuƙa da Namu Aikin

 

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, ranku ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Jami'an kula da alhazai na ƙananan hukumomi, iyaye mata, ɗalibai da sauran 'yan'uwa, ina yi mana barka da zuwa.

A da, duk wanda zai hau jirgin sama daga wannan yanki namu na Jigawa sai ya yi sammako zuwa Kano. Tun da aka buɗe filin jirgin saman Dutse a watan Oktoba na 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, filin da a 2023 aka sa wa sunan marigayi Mai Martaba Sarkin Dutse Nuhu Muhammadu Sanusi, Allah ya jiƙansa, lamarin ya canja. Yanzu manomi daga Kiyawa, tsohuwa daga Jahun, ɗan kasuwa daga Birnin Kudu ko Gwaram, a nan ƙofar gida suke shiga jirgi zuwa ƙasa mai tsarki, kuma da yawansu hawansu na farko ke nan a duniya. Tunda jirgi ya shigo cikin rayuwarmu, ya zama dole mu san halinsa, har da halinsa na ranar da ya samu matsala. Yau zan tsaya ne a kan matsala guda: ƙafafun jirgi da tayoyinsu, abin da ma'aikatan jirgi ke yi idan sun ba da matsala, da abin da mu jama'a muke yi.

Maganar da nake so ku tafi da ita gida ita ce wannan. Matsalar ƙafa da matuƙi ya sani, aka ba shi lokaci ya yi aikinsa, da wuya ta yi kisa. Wadda take hallaka mutane ita ce wadda aka gani tun jirgi yana ƙasa, aka rufe ido saboda ana sauri. Kuma a cikin wannan sauri, mu fasinjoji muna da hannu.

Jirgi irin Boeing 737, wanda ya fi yawa a sararin Nijeriya, ƙafa uku gare shi: ɗaya a ƙarƙashin hanci, biyu manya a ƙarƙashin fukafukai. Da ya tashi sai ya naɗe su cikin cikinsa, in zai sauka ya miƙe su. Ƙarfin man haidirolik ne ke yin wannan aiki. A gaban matuƙi akwai fitilu uku. In sun kama kore duka, kowace ƙafa ta fito ta kulle. In ɗaya ta ƙi kamawa, to an shiga wani babi. Su tayoyin kuwa, iskar da ke cikinsu ta ninka ta ƙaramar mota wajen sau shida, kuma iskar naitirojin ake hura musu domin ba ta taimakon wuta. Taya irin wannan ce ke dira a kan kwalta da gudun da ya kai kilomita 250 a sa'a, ɗauke da nauyin tan da dama.

Idan fitila ta ƙi kamawa, abu na farko da matuƙi zai yi shi ne ya fasa sauka. Zai ƙara wuta ya koma sama, ya sanar da hasumiyar filin, ya nemi wuri a sarari inda zai riƙa zagayawa. Daga nan sai su raba aiki: ɗaya ya riƙe tuƙi bai kula komai ba, ɗayan ya buɗe littafin matakan gaggawa yana karantawa layi bayan layi, yana aikatawa. Akwai hanya ta biyu ta sakin ƙafa, inda ake zare makullinta ta faɗo da nauyinta. In an yi haka ana cikin shakka, sai ya sauko ƙasa-ƙasa ya gifta ta gaban hasumiya domin a duba masa da ido. Zagayen nan da yake yi yana ƙona mai ne da gangan, don jirgin ya yi sauƙin nauyi kuma abin da zai ci wuta ya ragu. Yawancin ƙananan jirage irin 737 ba su da hanyar zubar da mai a sama, sai dai su ƙona shi. A ƙasa kuma motocin 'yan kwana-kwana da na asibiti suna jeruwa a gefen titin jirgi. Kyaftin yana iya barin filin da ya nufa ya tafi wanda ya fi dogon titi da yawan kayan kashe gobara. Jirgin da ya nufo Dutse zai iya ƙarewa a Kano, kuma hakan ba gazawa ba ce.

A cikin jirgin, ma'aikatan nan da muke ɗauka masu rabon shayi da burodi ne kawai, a ranar ake sanin ainihin aikinsu. Za su bi layi-layi suna duba bel ɗin kowa, su sa a cire takalmi mai tsini da biro daga aljihu, su nuna yadda za a sunkuya a kāre kai, su ɗauko mai ƙarfi su zaunar da shi kusa da ƙofar gaggawa su koya masa buɗe ta, su nuna wa mai goyo yadda za ta rungume ɗanta. Daf da dira sai ka ji sun ɗaga murya suna maimaita umarni guda, ba sassauci, ba murmushi. Tsawar nan ba rashin ladabi ba ce. An gano cewa mutumin da tsoro ya sandarar da shi ba ya jin lallashi.

Wannan tsari yana aiki. A 21 ga Satumba 2005, jirgin JetBlue ƙirar Airbus A320 ya tashi daga Burbank a Amurka da mutum 146, tayoyin hancinsa suka juya suka tsaya a karkace. Kyaftin Scott Burke ya yi fiye da sa'a biyu yana zagaye, fasinjoji suna kallon jirgin da suke ciki a talabijin ɗin da ke bayan kujeru, sannan ya sauka a Los Angeles, tayoyin suka yi tartsatsi suka ƙone, ba wanda ya ji rauni. A 1 ga Nuwamba 2011, jirgin kamfanin LOT na ƙasar Folan, Boeing 767, ya iso birnin Warso daga Amurka, man haidirolik ya tsiyaye, ƙafa ko ɗaya ba ta fito ba. Kyaftin Tadeusz Wrona ya kwantar da shi rub da ciki a kan titi, mutum 231 suka fita lafiya lau.

To amma zagayen ma yana da nasa tarkon, kuma a nan akwai darasin da ya shafi tarbiyyarmu kai tsaye. A daren 29 ga Disamba 1972, jirgin Eastern Air Lines ya iso Miami, fitilar ƙafar hanci ta ƙi kamawa. Duk mutanen da ke ɗakin tuƙi suka taru a kan fitilar nan, ba wanda ya lura jirgin yana ta yin ƙasa a hankali, har ya faɗa cikin fadama, mutum 101 suka mutu. Da aka bincika, ƙafar ta fito ta kulle tun farko. Ƙwan fitilar ne ya ƙone. Shekara shida bayan haka, a 28 ga Disamba 1978, jirgin United Airlines ya yi kusan sa'a guda yana zagaye birnin Portland saboda matsalar ƙafa. Mataimakin matuƙi da injiniya sun ga mai yana ƙarewa, sun faɗa, amma a kaikaice, cikin ladabi, yadda ƙarami ke yi wa babba magana. Kyaftin bai ɗauka ba. Mai ya ƙare, jirgi ya faɗi, mutum 10 suka rasu. Daga wannan haɗari ne kamfanoni suka fara koya wa ma'aikata wani darasi na musamman: cewa a ɗakin tuƙi ƙarami yana da haƙƙi, kai wajibi ne a kansa, ya faɗa wa babba gaskiya ƙarara, babba kuma ya saurara.

Ɗalibai, ku da wasunku za su je Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda ke horar da matuƙa da injiniyoyi tun 1964, ku riƙe wannan. Mun taso da kunya da kawaici, ba ma kallon idon na gaba, ba ma katse masa magana, kuma ni ina alfahari da wannan tarbiyya. Amma akwai wurin da kawaici ke zama cin amana. Injiniyan da ya ga taya ba ta cika ba ya yi shiru don kada ya ɓata wa maigida rai, ya ci amanar duk wanda ke cikin jirgin.

Wannan ya kawo ni ga ranar da har yanzu akwai gidaje a ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara da ba su manta da ita ba.

Ranar 11 ga Yuli 1991, da safe, jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai 247 da ma'aikata 14. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, an ɗauko shi haya yana jigila da sunan Nigeria Airways. Kwanaki kafin ranar, makanikai sun auna sun ga tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. An yi niyyar canja su, aka fasa saboda jigila ta yi baya, ana matsa wa kamfanin lamba. Aka gyara alƙaluman da ke takarda suka nuna komai daidai. A safiyar tashin, babban makanike ya nemi naitirojin ya ƙara musu, ba a samu nan take ba, jami'in da ke kula da kwangilar ya ƙi yarda a jinkirta. Matuƙan ba a gaya musu ba.

Duk direban babbar mota ya san abin da zai biyo baya: in tayoyi biyu suna jere ɗaya ta yi laushi, 'yar'uwarta ce ke ɗaukar kayan su biyu har ta yi zafi ta fashe. Haka aka yi. Jirgin yana gudu a kan titi taya ɗaya ta fashe, ta biyu ta bi ta, ƙarfen ya riƙa gurzar kwalta har ragowar robar ta kama wuta. Matuƙan sun ji ƙara, sun yi zaton taya ce, amma jirgin ba shi da na'urar da za ta nuna musu akwai wuta a ƙafa. Suka tashi, suka naɗe ƙafar da wutarta cikin cikin jirgin, inda bututun haidirolik da wayoyin lantarki suke, kusa da tankin mai. Cikin 'yan mintoci na'urori suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sun juyo za su koma Jidda, an ma samu ruɗani tsakaninsu da hasumiya, wadda ta ɗauka da wani jirgin Saudiyya take magana. Wuta ta cinye daɓen da fasinjoji ke zaune a kai. Jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita uku ya kai titi. Duk mutum 261 suka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya karɓi aikin hajjinsu.

Ajali gaskiya ne, ba mai musu a cikinmu. Amma malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai sakaci daga alhaki ba. Abin da ya tsaya tsakanin waɗannan bayin Allah da gidajensu, a ma'aunin sababi, jinkiri ne na ɗan lokaci da tulun iska.

Kafin wannan ma mun ga wani a kusa da mu. A 22 ga Janairu 1973, jirgin Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, ɗauke da alhazai daga Jidda zuwa Legas, ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas. Wajen dira ƙafarsa ta dama ta karye, ya juya ya bar titi ya kama wuta. Cikin mutum 202, 176 suka rasu, kuma a lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgi da ya ci rayuka haka ba a duniya. Manyan masifu biyu na tarihin jigilar alhazanmu, duka a ƙafar jirgi suka faru.

Yanzu ku zo mu dubi kanmu. Hali na farko shi ne yadda muke karɓar jinkiri. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin alhazai ya san yadda abin yake. An ce jirgi ƙarfe goma na dare, an yi sallama da dangi, an ɗaure kaya, tsofaffi sun gaji da zama a tabarma, sai jami'i ya ɗauki lasifika ya ce a yi haƙuri, injiniyoyi suna duba jirgi, sai gobe. Nan take wuri ya yamutse. Wani ya ce an raina talaka, wani ya ce an ba wa 'yan wata jiha jirginmu, wani ya kira ɗan majalisarsa, ɗan majalisa ya kira hukuma, hukuma ta kira kamfani, kamfani ya kira makaniken da ke tsugune a ƙarƙashin fiffike da ma'aunin iska a hannu. Duk ihun da muka yi, a kan wannan mutum ɗaya yake sauka. A Jidda wajen dawowa abin ya fi tsanani, don guzuri ya ƙare, kewar gida ta yi yawa. Ban ce kowane jinkiri na gyara ne ba. Akwai na rashin tsari, akwai na kamfanin da ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin jiragensa, kuma wannan ya cancanci a yi ƙorafi a kansa har a hukunta. Haƙƙinmu ne a gaya mana dalili, a ba mu abinci da wurin kwana. Amma in dalilin ya tabbata gyara ne, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hali na biyu shi ne abin da muke yi da waya. A daren Talata 28 ga Janairu 2025, jirgin Max Air da ya taso daga Legas ya sauka a filin Malam Aminu Kano, ƙafar hancinsa ta karye, ya tsaya a kan titi. Fasinjoji 53 da ma'aikata 6 duk suka fita da ransu, kuma bayan haka kamfanin ya dakatar da jigilar cikin gida na wata uku domin a binciki ayyukansa. Kafin nan, a 7 ga Mayu 2023, wani jirgin kamfanin da ya taso daga Yola da fasinjoji fiye da 140 ya sauka a Abuja da matsalar taya, ba wanda ya rasu. A 23 ga Afrilu 2024 jirgin Dana ya zame daga titi a Legas bayan matsalar ƙafar hanci, nan ma kowa ya tsira. A irin waɗannan ranaku, kafin hukuma ta ce uffan, saƙo ya riga ya zagaye WhatsApp da Facebook cewa jirgi ya faɗi. Wani ya liƙa hoton tsohon haɗari daga wata ƙasa, wani ya ƙara da adadin gawa daga kansa. Ku tuna akwai uwa a Miga ko Buji wadda ɗanta ke cikin jirgin, mai hawan jini, wadda jikanta zai karanta mata saƙon nan. Wanda ya tura bai san ta ba, amma shi ya kayar da ita. In ba ganau ba ne kai, ka jira sanarwar hukumar filayen jirage ko ta kamfanin; ba ta wuce 'yan sa'o'i.

Haka nan in wata rana kuka ga jirgi yana ta kewaya saman Dutse, ya wuce ya dawo, kada a hau babura a nufi filin jirgi kallo. Hanyar da za ku cushe ita ce motar asibiti za ta bi zuwa cikin gari.

Hali na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, shi ne kaya. Ƙa'idar ƙera jiragen fasinja ita ce a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, ko da rabin ƙofofin sun ƙi buɗuwa, domin bayan wannan lokaci hayaƙi da wuta ke cin ƙarfin mutane. A 2 ga Janairu 2024, jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, ya kama wuta, ya ƙone ƙurmus, amma duk mutum 379 da ke cikinsa suka fita, kuma hotuna sun nuna su suna saukowa hannu rabbana. A Mosko kuwa, a 5 ga Mayu 2019, jirgin Aeroflot ya buga ƙasa da ƙarfi, ƙafafunsa suka huda tankin mai, mutum 41 suka mutu, aka kuma ga wasu daga cikin waɗanda suka tsira suna tafe da jakunkuna. Alhaji, Hajiya, na san abin da ke cikin jakar hannun nan: fasfo, ragowar guzuri, dabino, turare, zoben da aka saya wa amarya, tsarabar jikoki. Na san shekara nawa aka yi ana tara kuɗin kujerar. Amma hanyar tsakiyar jirgi mutum ɗaya take ɗauka. In ka tsaya buɗe ma'ajiyar sama, duk na bayanka sun tsaya, kuma na can ƙarshe su ne hayaƙi ke fara kaiwa. Jakar kuma tana iya yage tsanin robar da ake zamewa a kai. Shi ya sa nake roƙon malaman bita, yadda kuke koya wa maniyyata ɗaura harami da ɗawafi a aikace, ku ware zama guda ku jera kujeru ku koya musu ɗaure bel da kwance shi, da sunkuyawa, da tashi a bar kaya. Jawabin da ake yi a cikin jirgi sau da yawa da Turanci ne ko Larabci, tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Hukumar alhazai ta jiha tana da ikon ta nemi a yi shi da Hausa a kowane sawu.

Saura abin da muke yi bayan ƙura ta lafa. Ko dai mu ɗaga matuƙi sama mu ce gwarzo ne, ko mu tsine wa kamfani, bayan mako guda mu manta. Shi Kyaftin Wrona ƙasarsa ta ba shi lambar girma, kuma ya cancanta. Amma masu bincike ba su tsaya nan ba. Sun gano cewa wani ɗan fis guda da ke ƙasa-ƙasa a ɗakin tuƙi ya fita, da an mayar da shi da hanya ta biyu ta saki ƙafafun, kuma littafin matakan da ke hannunsu bai ce a duba shi ba. Wannan binciken ne ya amfani sauran jiragen duniya, fiye da lambar girman. A Nijeriya hukumar da ke wannan aiki ita ce NSIB, kuma bisa ƙa'idar duniya ana sa ran rahoton farko cikin kwana 30, sannan cikakken rahoto daga baya, da shawarwarin gyara ga kamfani da hukumar NCAA mai sa ido. Rahotannin nan a buɗe suke ga kowa a intanet. 'Yan jaridarmu na gidajen rediyon Dutse, ku ɗauko su ku fassara mana da Hausa, ku koma bayan wata shida ku tambayi wace shawara aka aiwatar. 'Yan majalisarmu da jami'an alhazai, kafin a amince da jirgin da zai kwashi mutanen Jigawa, ku nemi a nuna muku tarihin gyaransa da abin da rahotannin suka ce game da kamfanin, ku kuma tambayi ko motocin kashe gobarar filin Dutse da ma'aikatansu sun kai matakin da babban jirgin alhazai ke buƙata a ranar da zai sauka.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.